Daga Igwar Tanimu zuwa Batirin Mota: Tarihin Juya Na'urar Baƙi a Damagaram

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar ƙauye a ƙasar Damagaram, ko a Dakusa ne, ko Tirmini, ko Mirya, ya sunkuya ya dubi ƙarƙashin amalanken da sa ko jaki ke ja, sau da yawa ƙafafun wata tsohuwar mota zai gani. An ƙera motar a Faransa ko Japan, ta yi zamaninta a kan kwalta, injinta ya mutu, sai mai walda ya yanke sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyinta ya ɗora mata shimfiɗa, ta koma tana kai gero da wake kasuwa, tana kai taki gona, wani lokaci har mai naƙuda take kaiwa asibiti. Wannan amalanke shaida ce ta wata tsohuwar sana'a a wannan ƙasa, sana'ar karɓar na'urar da aka ƙera a wata duniya domin wasu mutane, a juya ta har ta dace da mu. Yau sana'ar tana gaban sabuwar tambaya, domin motocin gwanjo masu inji biyu, na fetur da na lantarki, sun fara shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma an daɗe da sanin hanyar ƙara musu batir don a riƙa yi musu caji daga soket. Shin wannan aiki zai zauna a Damagaram? Tarihin ƙasar ya riga ya ba mu ma'aunin amsar. Juyin na'ura yana dawwama ne idan abin da na'urar ke ci yana kusa, kuma ilimin gyara ta yana hannun 'yan gida masu shugaban da zai tsaya wa ingancin aikinsu. Duk inda ɗayan waɗannan biyu ya yi rauni, juyin kan yi ɗan zamani ya shuɗe.

Sarautar Damagaram ta faro a ƙarni na 18 a matsayin ƙaramar ƙasa mai biyayya ga Barno, kuma a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaimanu, fadarta ta zauna a Zinder. Garin ya ci albarkar mazauninsa, domin yana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Abzin, ya gangaro Damargu, ya nufi Kano. Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso garin a watan Disamba na 1852, ya tarar da shi cike da fatake. Wanda ya mayar da Damagaram ƙasar da ake shakka kuwa shi ne Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, shi kuma ya gane cewa doki da mashi sun daina isa su kaɗai. Ya sa fatake suna kawo masa bindigogi da darma daga arewa, amma bai tsaya a saye ba. A cikin Zinder aka riƙa haɗa albarushi, ana zuba harsashi, ana gyara bindigar da ta lalace, har aka kai ga ƙera igwa a ɗora ta kan ƙafafu a ja ta zuwa fagen daga. Kaɗan ne daga cikin daulolin wannan yanki suka kai ga haka a wancan zamani. Da wannan ƙarfi Damagaram ta tabbatar da ikonta a kan Mirya da Dungas da Washa, ta sassauta igiyar Barno daga wuyanta, har ɗan Tanimu, Sarki Ahmadu Kuran Daga, ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Sarki Alu.

Igwar Tanimu ba daga sama ta faɗo ba. Ta tsaya ne a kan wata tsohuwar sana'a mai tsari, wato ƙira. Tun kafin bindiga ta zo akwai maƙeran baƙi masu sarrafa baƙin ƙarfe su fitar da hauya da gatari da lauje da takobi da linzami, akwai kuma maƙeran fari masu narka azurfa da tagulla su zuba a cikin siffa. Yaro yakan fara da zuga, ya shekara yana kallon launin ƙarfe a cikin wuta kafin a bar shi ya riƙe awartaki, sa'an nan masaba. Gawayin da ake hura wutar da shi, musamman na icen ƙirya, a dajin ƙasar ake samunsa. Sama da duka akwai sarkin maƙera, wanda ta hannunsa aikin fada ke sauka, shi ke raba shi, shi kuma za a tuhuma in aikin ya ɓaci. Lokacin da baƙuwar na'ura ta iso, sai ta faɗa hannun mutanen da suka riga suka san halin ƙarfe da wuta, masu abin aiki a kusa, masu wanda zai ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Bindiga da igwa kuwa ba su yafe ganganci, domin in bututun yana da rauni mai harbin zai fara kashewa. Saboda haka tsarin da ke tace aikin maƙeri shi ne ya sa sarki zai iya miƙa wa mayaƙinsa makamin gida da kwanciyar hankali.

Mai ja da wannan magana zai ce, to ina amfanin igwar, tun da ba ta hana Nasara shiga gari ba? A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a Zinder, kuma a ƙarshen watan Yuli na 1899 rundunar Faransa ta gamu da ta Damagaram a Tirmini, garin da yau yake gunduma ɗaya da Dakusa, wato Takyeta. Sojojin Faransa ba su kai na Damagaram yawa ba, amma suka yi nasara, suka shiga Birni, kuma a watan Satumba aka kashe Kuran Daga. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a lulluɓe ta ba. Sai dai abin da take nunawa shi ne iyakar juyi, ba rashin amfaninsa ba. Makaman da aka ƙera a gida sun saya wa Damagaram ƙarfi na kusan rabin ƙarni a tsakanin tsararrakinta. Sun gaza ne ranar da masana'antun Turai suka koma wani sabon salo, bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya mai saurin harbi, wadda harsashinta sai injin masana'anta ke iya yin sa. A nan abincin makamin ya bar hannun maƙerin gida. Darasin da ke ciki shi ne, mai juya na'ura yana tsere ne da masana'anta, kuma wajibi ne ya san cewa aikinsa na wani zamani ne. Amma a lura, igwar ce ta faɗi a Tirmini. Maƙeran sun rayu, kuma su da jikokinsu ne suka tarbi na'urar da ta biyo baya.

Wannan na'ura ita ce mota. Zinder ta zama hedkwatar yankin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai, don haka tana cikin garuruwan da suka fara jin ƙugin inji a ƙasar. A ranar 28 ga Oktoba 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya ratsa Sahara, ya biyo ta Yamai, ya sauka Zinder kafin shekarar ta ƙare, ya wuce tafkin Chadi. Abin lura shi ne waɗannan motoci su kansu juyayyu ne, an cire musu tayoyin baya an sa musu kacar roba irin wadda injiniya Adolphe Kégresse ya ƙirƙira. Wato masu kamfanin sun san cewa motar da aka yi domin titin Faris ba za ta ci rairayin hamada ba sai an sake mata ƙafa. Bayan haka gyaɗa ce ta zaunar da mota a Damagaram. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930, fataucin Tarabulus ya dusashe, kuma gyaɗar Magarya da Matamai ta riƙa gangarawa kudu, da farko a kan raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci suka shiga rabon. Kayan gyaran waɗannan motoci suna can bakin teku, wata da watanni tsakaninsu da mai bukata. Direban da ƙarfen motarsa ya karye a hanya ba shi da wurin zuwa sai maƙera. A haka gareji ya tsiro a gefen maƙera, ya kuma gaji tsarinta na maigida da yaran aiki.

Juyi mafi kama da wanda ake magana a kai yau ya faru ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 yankunan Faransa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila, sai iyaka ta rufe, jiragen ruwa suka yi ƙaranci, fetur ya zama abin nema. Maganin da aka koma gare shi a waɗannan yankuna, kamar yadda aka yi a Turai, shi ne a ɗaura wa mota wata tukunyar ƙarfe da Faransawa ke kira gazojen. Ana cika ta da gawayi ko itace, a ƙona shi da iska kaɗan, hayaƙin da ya fito a sanyaya shi a tace, a tura shi cikin inji a madadin fetur. A Turai motocin da aka juya haka sun kai kusan miliyan ɗaya. An kuma yi amfani da man gyaɗa a injinan dizal, dabarar da aka nuna tun a baje kolin Faris na 1900, inda aka tayar da injin dizal da man gyaɗa. Dabarar gawayi ta cika sharaɗi na farko, domin abincinta na gida ne. Amma tana rage wa inji ƙarfi ƙwarai, sai an ɓata lokaci ana hura ta kafin a tashi, tokarta na cin inji, hayaƙinta guba ne mai kisa a wurin da iska ba ta shiga, kuma a ƙasa irin tamu tana cin dajin da ba shi da yawa. Da yaƙi ya ƙare fetur ya dawo, sai aka sauke tukwanen. Juyin da larura kaɗai ta haifa, larurar na wucewa yake bin ta.

A kwatanta wannan da gyare-gyaren da suka zauna daram bayan samun 'yancin kai a 1960. Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna daga 1975, da Land Rover, da Toyota daga baya, duk sun bi ta hannun bakaniken gida kafin su zama motocin ƙasar nan. Ana ƙara wa akori-kura ƙarafan sifirin don ta ɗauki kayan da masu ƙera ta ba su yi mafarki ba, ana ɗaga mata bodi, ana ƙara tanki ga mai hanyar Agadas, ana ɗauke injin wata mota a dasa wa wata. In ta mutu gaba ɗaya kuma ta zama amalanke, ƙarfen sifirinta ya koma hannun maƙeri ya zama wuƙa ko gatari, tayarta ta zama guga ko takalmi. Waɗannan ayyuka sun dawwama saboda ƙarfen yana kasuwar gwangwan, ilimin yana gareji, kuma kuskure a bayyane yake, ido na ganin waldar da ba ta kama ba, kunne na jin injin da bai daidaita ba. Man da motocin ke sha ma yana kusa, domin shekaru da yawa fetur mai rahusa na Nijeriya ya riƙa tsallako iyaka ta Magarya da Matamai, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi, sana'ar da mutanen Damagaram ke kira ruwa-ruwa. Sharuɗɗan biyu sun cika, shi ya sa ba a taɓa bukatar wata hukuma ta tallata wannan juyi ba.

Yanzu a dubi baƙuwar da ke tafe. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a 1997, mota mai injin fetur da injin lantarki suna taimakon juna. Batirinta ƙarami ne. A samfurin 2004 zuwa 2009 bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, kuma ba a yi masa caji daga waje. Injin fetur ke cika shi, sai kuma burki, domin duk lokacin da direba ya taka, injin lantarki kan juye ya zama janareta ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Da lantarki zalla motar ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu. Wasu masu kishin rage shan mai a jihar Kalifoniya ta Amurka suka ga cewa rabin aikin an riga an yi shi. Felix Kramer ya kafa ƙungiyar CalCars a 2002, kuma a 2004 shi da injiniya Ron Gremban suka ƙara wa wata Prius jerin batiran darma irin na keken lantarki, suka sa mata caja, ta zama motar da ake jonawa a soket da dare. Dabarar tana da sassa uku: ƙarin batir a but, caja mai karɓar wutar gida, da wata 'yar na'ura mai daidaita tsakanin sabon batir da kwamfutar motar, wadda ko dai ta riƙa ɗura wa batirin asali wuta a hankali, ko ta nuna wa kwamfutar cewa batir a cike yake don ta ƙara dogara da lantarki ta rage kunna injin fetur. Daga nan kamfanoni suka shiga. Hymotion na Kanada, wanda A123 Systems ya saya a 2007, ya riƙa sayar da ƙunshin batirin litiyam mai kusan kilowat-awa 5 da ake ajiyewa a mazaunin safayar taya, a kan kimanin dala 10,000, wato sama da sefa miliyan 4.

Yadda wannan kasuwa ta ƙare ya yi kama da yadda igwa da gazojen suka ƙare. A ƙarshen 2010 kamfanin General Motors ya fitar da Chevrolet Volt, a 2012 kuma Toyota ya fitar da Prius mai caji daga soket, da batirin litiyam mai kilowat-awa 4.4, da garantin masana'anta. Mai kuɗin sayen ƙunshin dala 10,000 ya gwammace ya sayi wadda aka ƙera haka tun asali, sai kasuwar ƙunshin ta tsuke, A123 ma ya karye a 2012. Masu juyin sun cim ma burinsu, tun da sun nuna wa manyan kamfanoni cewa abin mai yiwuwa ne kuma akwai masu so, amma masana'anta ta riske su ta wuce. Akwai kuma darasi na biyu. A 2008 wata Prius da aka juya ta kama da wuta tana tafe a jihar South Carolina, kuma bincike ya gano cewa wani mahaɗin waya ne a cikin sabon batirin ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, ya yi zafi har ya kunna wutar. Ƙwararru ne suka yi aikin, a ƙasa mai kayan gwaji, amma noti ɗaya ya ƙone mota. Wannan shi ne bambancin sabuwar na'ura da tsohuwa: kuskurenta a ɓoye yake, ido ba ya ganinsa sai bayan ya yi ɓarna.

To a ɗora wannan juyi a kan ma'aunin Damagaram, a fara da abinci. Motar da ake jonawa a soket wutar lantarki take ci, wutar Damagaram kuwa mafi yawanta baƙuwa ce. Zinder da Maradi sun daɗe suna dogara da layin da ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Nijeriya ta katse wutar a farkon Agusta cikin takunkumin ECOWAS, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairu 2024. Kayan aro ba ya rufe katara. A duk faɗin Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki, a karkara irin Dakusa kuwa rabon ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In da layin kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, kaɗai za a dogara, juyin ya faɗi tun kafin ya tashi. Sai dai akwai abincin da yake namu, wanda ba a rufe masa iyaka, shi ne rana. Faifan sola mai wat 400 yana ba da kusan kilowat-awa 2 a wuni a ƙasa irin tamu, saboda haka faifai uku ko huɗu sun isa su cika batir mai kilowat-awa 5 tsakanin hantsi da la'asar. Wannan na nufin tsarin Kalifoniya na yin caji da dare ba namu ba ne. Namu shi ne caji da rana, a tasha ko a bakin kasuwa ko a harabar ofis, inda abin hawa ke tsaye lokacin da rana ke tsaka.

Wani zai ce, ƙasar da ke da matatar mai me za ta yi da wannan wahala? Gaskiya ne, tun 28 ga Nuwamba 2011 matatar SORAZ ke aiki kimanin kilomita 50 arewa da Zinder, tana karɓar ɗanyen mai daga Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, kuma an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Amma abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya amsa wannan ja. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a Nijeriya, farashi ya ninka ya sake ninkawa, ribar ruwa-ruwa ta ƙafe, masu saye a kwalba suka koma gidajen mai. A nan aka gane cewa man sumoga ne ke cike babban gibi a bukatar ƙasar, kuma a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen man Nijar saboda abin da matatar ke fitarwa bai wadatar ba. Jama'a na ƙaruwa, babura da motoci na ƙaruwa, matatar kuwa girmanta ɗaya. Kowace litar da rana ta maye gurbinta a cikin gari, lita ce da aka bar wa babbar motar da ke ɗaukar hatsi da wadda ke hanyar Agadas, waɗanda batir bai kai ga ɗauke musu nauyi ba tukuna.

Sharaɗi na biyu, na ilimi da mai tsaya wa inganci, shi ne inda rauninmu yake. Mai gyaran wutar mota a garejinmu ya ƙware a kan batir mai bolt 12, wanda in aka yi kuskure tartsatsi ne kawai. Batirin Prius ya haura bolt 200, yana iya kashe mutum nan take. Batirin litiyam kuma ba ya son zafi, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ke tsaye a rana. Zafi na tsufar da shi da wuri, ƙurar hunturu na toshe fankar da ke sanyaya shi, gargadar hanya na sassauta notin da aka ɗaure, nauyinsa kuma ƙari ne a kan sifirin baya. In ya kama da wuta, kashe shi ya fi kashe wutar fetur wuya. Duk wannan ba ya nufin aikin ya fi ƙarfin ɗan ƙasa. A Maiduguri, cikin ƙasar Barno da Damagaram ta taɓa yi wa biyayya, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu injin lantarki da batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari, a yanayin da zafinsa bai gaza namu ba. Abin da ya rage mana shi ne abin da Tanimu yake da shi, wato tsarin da ke koyar da yaro mataki-mataki da shugaban da zai hana aikin ganganci fita daga gareji.

Saura ja na ƙarshe, mai nauyi, cewa wannan zancen masu hali ne, manomin Dakusa ba shi da mota balle mai inji biyu. Haka ne, kuma ƙunshin da ya ci miliyoyin sefa ba zai mayar da kuɗinsa ba a kan tsohuwar mota 'yar Kwatano da ta riga ta ci rabin rayuwarta. Duk da haka akwai abubuwa biyu da suka sa maganar ta shafi kowa. Na farko, motocin da Turai da Amurka da Japan ke hawa yau su ne gwanjonmu na gobe, kuma masu batir suna ƙara yawa a cikinsu. Za su iso ko mun shirya ko ba mu shirya ba, da batiran da suka gaji, kuma sana'ar farko da za a nema ita ce buɗe batirin asali, a auna sassansa, a canja wanda ya mutu. Na biyu, ilimin da ake bukata don juya Prius shi ne dai ilimin da ake bukata don kabu-kabu da adaidaita masu lantarki, da injin ban-ruwa mai aiki da sola a gidan gona, da firjin ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Maƙerin da ya koyi zuba igwa domin sarki, hauyar talaka ma ta amfana da ƙwarewarsa. Haka wanda ya iya batirin mota zai iya batirin rijiya.

Hukuncin da tarihi ya bayar a fili yake. Ƙunshin batir na ƙari, kamar yadda aka sayar da shi a Amurka tsakanin 2004 da 2012, gada ce ta wani zamani, kuma ba shi ne zai zauna a Damagaram ba. Abin da zai zauna shi ne sana'ar batir da wutar rana, in an kafa ta a kan ginshiƙan da suka riƙe ƙira da gareji. Saboda haka kira ya tafi ga Jami'ar André Salifou ta Zinder da cibiyoyin koyar da sana'a na jihar, su buɗe ajin gyaran motoci masu batir tun kafin motocin su cika tasha, su kuma ɗauki yaran gareji da masu gyaran wutar mota a sahun farko. Kira ya tafi ga ƙungiyoyin bakanikai da sarakunan sana'a, su sa doka cewa ba mai buɗe babban batir sai wanda aka koya wa, aka gwada shi, aka shaide shi. Masu mota kuma su guji duk wanda zai ɗora musu batirin da ba a san asalinsa ba don arha. Kakanninmu ba su miƙa wa yaro masaba ba sai da ya gama zuga, kada mu miƙa masa bolt 200 kafin ya gama koyo.